Cin Zarafin Ɗalibai Mata A Manyan Makarantu: Inda Gizo Ke Saƙa

A kowace shekara dubban iyaye a ƙasar nan sukan ɗauki 'ya'yansu mata su kai su jami'o'i da kwalejojin horon malamai da na kimiyya da fasaha, su danƙa su amana ga hukumomin waɗannan makarantu. Mafi yawan malamai da ma'aikata suna riƙe wannan amana yadda ya kamata, kuma ɗalibai da dama suna gama karatu su koma gida lami lafiya. Amma cikin 'yan shekarun nan kotuna da kwamitocin bincike sun tabbatar da abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa a ɗakunan kwanan ɗalibai, watau akwai waɗansu da ke amfani da ikon da aka ba su don tilasta wa ɗalibai lalata, akwai kuma ɗaliban da ake yi wa fyaɗe a cikin makaranta ko a unguwannin da ke kewaye da ita.

Wanda duk ya bi diddigin shari'o'in da aka kai ga hukunci zai ga abu guda da ya haɗa su. Kusan dukansu sai da magana ta tsallake katangar makaranta, ta shiga kunnen jama'ar gari, sa'an nan aka ɗauki mataki na sosai. Wannan ya nuna cewa hanyoyin kai kuka na cikin gida suna da rauni, kuma a nan ne gyara ya kamata ya soma.

Ife, Legas Da Kalaba

Cikin watan Afrilu 2018 wani faifan murya ya bazu a wayoyin jama'a. A cikinsa an ji wani malamin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, Farfesa Richard Akindele, yana gaya wa wata ɗalibarsa mai karatun babban digiri cewa sai ta yarda ya kwana da ita sau biyar kafin ya ɗaga makinta ta haye jarrabawa. Ɗalibar ce ta ɗauki muryar da wayarta. Jami'ar ta dakatar da shi, ta kafa kwamitin bincike, kuma cikin watan Yuni Majalisar Gudanarwa ta sallame shi daga aiki. Daga nan Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta gurfanar da shi gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo, inda ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara 2 cikin watan Disamba na wannan shekara.

Shekara guda bayan haka, cikin watan Oktoba 2019, sashen bincike na BBC ya fito da wani fim wanda aka ɗauka a asirce a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. 'Yar jaridar da ta gabatar da shi, Kiki Mordi, ta bayyana cewa ita kanta matsin wani malami ne ya raba ta da karatun jami'a. A cikin fim ɗin an ga wani babban malami na Jami'ar Legas, Dokta Boniface Igbeneghu, yana neman wata 'yar jarida da ta je masa a matsayin yarinya 'yar shekara 17 mai neman shiga jami'a. An kuma ji labarin wani ɗaki a kulob ɗin manyan ma'aikata inda ake kai ɗalibai mata. Nan da nan jami'ar ta rufe ɗakin, ta dakatar da malamai biyu, kuma cikin 2021 ta sallame su. Jami'ar Gana ita ma ta dakatar da malamanta biyu na waɗansu watanni ba albashi saboda keta ƙa'idar aiki.

Na uku ya faru a Jami'ar Kalaba. Cikin watan Agusta 2023 ɗalibai mata na Tsangayar Shari'a suka fito da kwalaye suka yi zanga-zanga a kan Shugaban Tsangayar, Farfesa Cyril Ndifon. Hotunan zanga-zangar suka watsu ko'ina, jami'a ta dakatar da shi, Hukumar ICPC ta kai shi kotu a farkon 2024, kuma cikin watan Nuwamba 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 5.

A Ife wayar salula ce ta tona asiri, a Legas kyamarar 'yan jarida, a Kalaba kuwa taron ɗalibai da suka gaji da haƙuri. Abin tambaya shi ne, ina makomar yarinyar da ba ta iya ɗaukar murya ba, ba ta san wani ɗan jarida ba, kuma ba ta da abokan da za su fito tare da ita?

Tushen Matsalar

Sau da yawa idan aka ta da wannan magana, sai a karkata ga tarbiyyar 'yan mata da irin suturar da suke sawa, har a kawo karin maganar nan cewa in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Makarantu da dama sun kafa dokokin sa tufafi, suka ajiye masu gadi a bakin ƙofa suna mai da ɗalibai gida. Duk da haka matsalar ba ta kau ba, gama ana cin zarafin mai hijabi kamar yadda ake cin zarafin wadda ba ta sa shi ba, ana yi wa matar aure ana yi wa budurwa, har ma akwai ɗalibai maza da abin ya shafa.

Tushen al'amarin yana cikin yadda aka tara iko a hannun mutum ɗaya. A sassa da yawa malami guda shi ne zai koyar da darasi, shi zai tsara tambayoyi, shi zai duba takardu, shi zai ba da makin gwajin tsakiyar zango, kuma shi zai rubuta sakamako ya miƙa. Idan darasin na tilas ne, ɗaliba ba ta da hanyar kauce masa. In ya kayar da ita sai ta sake, in ta sake kuwa hannunsa za ta koma. Haka kuma a shekarar ƙarshe, malamin da ke duba kundin bincikenta yana iya riƙe babi guda wata da watanni, har abokan karatunta su tafi bautar ƙasa su bar ta. Ga masu karatun babban digiri abin ya fi tsanani, domin shekarunsu duka suna rataye ne a kan sa hannun mutum guda.

Ba malamai kaɗai ke da irin wannan iko ba. Akwai akawun da ke raba gadaje a ɗakunan kwana, akwai jami'in da ke tattara sakamakon jarrabawa, akwai mai yi wa yarinya alkawarin sama mata gurbin karatu, akwai kuma shugaban ofishi ko na makarantar da aka tura ta koyon aiki, wanda sai ya sa hannu a littafinta. Duk inda mutum ɗaya ke riƙe da abin da ɗaliba ba za ta iya yi ba sai da shi, kuma ba mai duba bayansa, to an ba kura ajiyar nama.

Ɗaya gefen kuma shi ne fyaɗe na ƙarfin tsiya. Masu aikata shi galibi sanannu ne ga wadda aka zalunta: abokin karatu, saurayi, maƙwabci a gidan haya, ko 'yan ƙungiyar asiri. Ƙarancin ɗakunan kwana ya tilasta wa ɗimbin ɗalibai kama haya a unguwannin da ke wajen makaranta, inda babu mai gadi babu fitila, alhali kuwa sai sun ratsa duhu bayan karatun dare. Cikin watan Mayu 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, aka far wa wata ɗalibar Jami'ar Binin 'yar shekara 22 a cikin wani coci inda ta je yin karatu, aka yi mata fyaɗe da mummunan duka, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Ba a jima ba aka kashe wata ɗalibar kwaleji a Ibadan ta irin wannan hanya. Fushin jama'a ya sa gwamnonin jihohi suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe cikin watan Yuni, Sufeto Janar na 'Yan Sanda kuma ya ba da sanarwar cewa an kai musu ƙarar fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu na shekarar.

Dalilin Shiru

Wannan adadi na waɗanda suka iya kai ƙara ne kurum. Binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi cikin 2018 ya nuna cewa kashi 9 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar lalata, kuma fiye da rabin matan da aka taɓa duka ko aka ci zarafinsu ba su nemi taimakon kowa ba.

Dalilan shirun ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, ɗaliba takan ga cewa wanda za ta kai wa kuka, watau Shugaban Sashe ko Shugaban Tsangaya, abokin aikin wanda take ƙara ne, ofishinsu na kallon juna, wataƙila ma shi ne ya koyar da shi. Na biyu, tana tsoron ramuwar gayya daga sauran malamai, a sa mata ido har ta gama. Na uku, tana tsoron gida. Yarinya ta san cewa idan labari ya kai kunnen mahaifinta, abu na farko da zai faru shi ne a ce ta tattaro kayanta ta dawo, karatu ya ƙare ke nan. Na huɗu kuwa shi ne bakin duniya, da fargabar kada abin ya bi ta har ranar da aka zo neman aurenta.

Akwai kuma wata mummunar fahimta da ke ƙara danne su. Akan tambayi yarinya me ya hana ta ihu, me ya hana ta kokawa. Likitoci sun tabbatar cewa tsananin firgita yakan sandarar da jikin mutum, ya kasa motsi ya kasa magana, kuma wannan yana faruwa ga mutane da yawa da aka yi wa fyaɗe. Rashin rauni a jiki ba shaida ce ta yarda ba. Malaman fiƙihu ma sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi, laifin duka yana wuyan wanda ya tilasta ta.

A Arewa an soma fasa wannan shiru cikin watan Fabrairu 2019, sa'ad da waɗansu 'yan mata suka riƙa ba da labarin abin da ya same su a shafin Twitter ƙarƙashin taken ArewaMeToo. Sun sha zagi da barazana, amma sun nuna cewa ciwon ba na wani yanki ɗaya ba ne.

Abin Da Doka Ta Tanada

Sashe na 282 na Kundin Penal Code, wanda jihohin Arewa suka gada tun 1960, ya bayyana cewa saduwa da mace ba da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar tsorata ta da kisa ko rauni, fyaɗe ne. Cikin 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ta haɗa da wanda aka yi wa namiji, ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta ce hukunci kada ya gaza shekara 12, in kuwa taron dangi aka yi kada ya gaza shekara 20. Ta kuma ba kotu ikon sa mai laifi ya biya diyya. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, amma daga baya mafi yawan jihohi sun karɓe ta. Cikin watan Nuwamba 2019 aka buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a hannun Hukumar NAPTIP, cikin watan Satumba 2020 kuma Jihar Kaduna ta gyara dokarta ta sa dandaƙa cikin hukuncin fyaɗe.

Game da malamin da ya nemi lalata don ya ba da maki, Hukumar ICPC ta ɗauki matsayin cewa wannan cin hanci ne da kuma amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba, gama toshiyar baki ba lalle sai ta kuɗi ba. Da wannan hujja ta yi nasara a Osogbo. Bugu da ƙari, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi saƙon waya da faifan murya a matsayin shaida, muddin an cika sharuɗɗan da ta gindaya.

An daɗe kuma ana ƙoƙarin kafa doka ta musamman domin manyan makarantu. Sanata Ovie Omo-Agege ya gabatar da shirin dokar cikin 2016, Majalisar Dattawa ta sake amincewa da shi cikin watan Yuli 2020, amma wa'adin majalisar ya ƙare cikin 2023 ba a sa masa hannu ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki shirin, tana cewa an ware malamai kaɗai alhali ana irin wannan ɓarna a sauran ma'aikatu. Cikin watan Nuwamba 2025 Majalisar Dattawa ta sake amincewa da wani sabon shiri mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 14. Babban ginshiƙin shirin shi ne cewa malami ba zai kare kansa da cewa ɗalibar ta yarda ba, domin yardar wadda makomarta ke hannunka ba yarda ce ta gaskiya ba.

Sa'o'i 72 Na Farko

Idan abin ya riga ya faru, lafiya ce a gaba da kome. Akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma tilas a soma shansa cikin sa'o'i 72, a ci gaba har kwana 28. Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa wanda ke aiki har zuwa kwana 5, kuma gwargwadon saurin shansa gwargwadon amfaninsa. Likita zai kuma ba da maganin cututtukan sanyi da allurar rigakafin ciwon hanta. Ba a bukatar takardar 'yan sanda kafin a duba mutum, gama Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa.

Abin da ya fi wuya ga wadda aka zalunta shi ne ta daure kada ta yi wanka kafin likita ya duba ta, domin jiki da tufafi suna ɗauke da shaidar da kotu ke bukata. In ta canja kaya, a ajiye waɗanda ta cire ba tare da an wanke ba, a naɗe su cikin takarda, don leda takan riƙe laima ta ɓata shaida. Kada a goge saƙonnin waya, ko da karanta su yana ta da hankali. Yana da kyau a rubuta rana da lokaci da wuri tun ba a manta ba. Wadda ta riga ta yi wanka, ko kwanaki suka wuce, ita ma ta je asibiti, gama har yanzu akwai taimakon da za a yi mata.

An kafa cibiyoyi na musamman domin wannan aiki, inda ake samun likita da mai ba da shawara wuri guda, kyauta kuma cikin sirri. Ta farko ita ce Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Jihar Legas cikin 2013. A Arewa akwai cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala Muhammad na Kano, akwai kuma Cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Ya kamata kowane ɗalibi da kowace mai kula da ɗakin kwana su san wadda ta fi kusa da su.

Ƙawa ko abokin da aka soma gaya wa yana da babban nauyi. Aikinsa ya saurara, ya gaskata, ya raka ta asibiti, ya kuma kama bakinsa. Tambayar me ya kai ki ɗakinsa ba ta da amfani a wannan lokaci. Shawarar kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar makaranta tata ce, a bayyana mata hanyoyin da ke akwai a bar ta ta zaɓa.

Idan Ƙara Ta Iso Ga Hukuma

A nan ne ma'aikatan ofishin magatakarda da na kula da harkokin ɗalibai ya kamata su yi hattara. Cikin 1986 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda ta taso daga korar waɗansu ɗalibai bayan tarzomar 1983. Kotun ta soke korar, ta ce babban laifi irin wanda dokar ƙasa ta hana kotu ce ke da ikon yanke hukuncinsa, kuma ba daidai ba ne wanda abin ya shafa ya zauna cikin masu bincike. Darasi biyu ke cikin wannan. Fyaɗe ba abin da za a kashe a ofishin Shugaban Tsangaya ba ne da ban haƙuri da rufa-rufa, aikin 'yan sanda ne da kotu. Sa'an nan kwamitin ladabtarwa, wanda ke duba keta ƙa'idar aiki, tilas ya zama mai zaman kansa, ya kuma ba wanda ake tuhuma cikakkiyar damar kare kansa kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulki ya tanada. Kwamitin da ya yi gaggawa ya tsallake ƙa'ida, kotu za ta rushe aikinsa, mai laifi ya dawo ofis da bashin albashinsa.

Wannan adalci shi ne kuma amsar masu fargabar ƙazafi. Gaskiya ne ana iya yi wa malami sharri, kuma gaskiya ne akwai ɗaliban da ke kai kansu don neman maki. Maganin duka biyun bincike ne na gaskiya. Malamin da ɗaliba ta zo masa da irin wannan tayi, ya sallame ta ya rubuta rahoto, domin shi ne babba kuma shi aka ba amana.

Kafin a gama bincike akwai matakan da ba sa jira. A raba ɗalibar da malamin nan take, a ba wani ya duba takardunta, a sauya mata mai duba kundin bincike, a hana wanda ake tuhuma tuntuɓarta ko aika mata 'yan ban baki, a ɓoye sunanta, a kuma sa wa binciken wa'adi. Ƙarar da aka bari ta shekara a cikin fayil, ɗaliba ta gama ta tafi ko ta gaji ta janye, daidai take da ƙarar da aka yi watsi da ita.

Rigakafi Ya Fi Magani

Tun da tushen ɓarnar tarin iko ne, rigakafinta shi ne rarraba shi. A riƙa duba takardun jarrabawa da lamba ba da suna ba. Darussan tilas a ba malamai biyu ko fiye, su duba takardu tare a zaure guda. A liƙa makin gwajin tsakiyar zango kafin a shiga jarrabawa, don kada a taɓa shi daga baya. A sauƙaƙa wa ɗalibi hanyar neman a sake duba takardarsa a wajen sashensa, da kuɗi kaɗan ba tare da tsangwama ba. A ba ɗalibi 'yancin neman sauya mai duba kundinsa. A sa ganawa da ɗalibai cikin lokacin aiki, a ofishi mai buɗaɗɗiyar ƙofa, a haramta kiran ɗaliba gida ko otal da sunan karatu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi masu yawa, kuma suna kare malamin kirki daga zargi kamar yadda suke kare ɗaliba.

Na biyu, a buɗe ƙofar kai kuka wadda ba ta bi ta sashen ɗaliba ba: ofishi mai zaman kansa, da mata a cikinsa, da wakilin ɗalibai, da wani amintacce daga wajen makaranta, da lambar waya da ke aiki dare da rana. A bayyana wa sababbin ɗalibai wannan tun makon farko, maza da mata, a kuma koya musu cewa wanda ya ga ana jan yarinya zuwa inda ba ta so, ko an sa mata wani abu a abin sha, wajibi ne ya sa baki ko ya kira taimako.

Na uku, a gyara muhalli. A sa fitilu masu aiki da hasken rana a hanyoyin da ke tsakanin azuzuwa da ɗakunan kwana, a samar da motar dare, a ɗauki mata cikin masu gadi, a yi rajistar gidajen hayar da ɗalibai ke zaune a haɗa kai da masu unguwanni. Gina ƙarin ɗakunan kwanan mata ya cancanci ya shiga sahun gaba cikin ayyukan da asusun TETFund ke biya.

Na huɗu, a daina ɓoye adadi. A Amurka, bayan an yi wa wata ɗaliba fyaɗe an kashe ta a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh cikin 1986, iyayenta suka gano cewa an sha aikata manyan laifuffuka a makarantar ba a sanar da kowa ba. Fafutukarsu ta haifar da Dokar Clery ta 1990, wadda ta tilasta wa kowace makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta buga adadin laifuffukan da aka aikata a cikinta kowace shekara. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da takwarorinta masu kula da kwalejoji suna iya sa irin wannan cikin sharuɗɗan amincewa da darussa. Suna kuma iya ajiye sunayen waɗanda aka sallama saboda wannan laifi, don kada wanda aka kora a nan ya ɓulla a wata makaranta gobe. Al'adar barin mai laifi ya ajiye aiki a asirce don a tsare sunan makaranta, tura wuta ce gidan maƙwabci.

Abin Da Ke Cikin Hatsari

A jihohin Arewa an sha wahala kafin iyaye su saki jiki su bar 'ya'ya mata su wuce sakandare. Asibitoci suna kukan ƙarancin likitoci mata da ungozomomi, makarantun 'yan mata suna kukan ƙarancin malamai mata, kotuna da ma'aikatu haka. Duk labarin cin zarafi guda da aka rufe, yakan fita ta bayan gida ya isa ƙauyuka, kuma uban da ya ji shi yakan hana 'yarsa da ƙannenta tafiya. Haka kuma takardar shaidar da aka samu ta hanyar lalata, da wadda aka hana mai ita don ta ƙi, duka suna rage darajar digirin kowa.

Saboda haka iyaye suna da nasu rabon aikin. Yarinyar da ta tabbata cewa in ta faɗi gaskiya za a tsaya mata, ba za a cire ta daga makaranta ba, ita ce za ta yi magana tun abin bai yi nisa ba. Shugabannin makarantu kuma su sani gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Makarantar da ta binciki ƙara ta hukunta mai laifi a fili, ita ce iyaye za su fi amincewa su kai 'ya'yansu.